Mai Sunan Baba

Ni ban iya karatu ba sai da na aurar da 'yata ta biyu. Ajin yaƙi da jahilci na shiga a nan Funtua, ina zaune kan benci da furfurata, ana leƙe ta taga ana dariya. Ban damu ba. Mai dariyar ba shi ke ciyar da ni ba.

Da maigidana ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, gidan ya rage daga ni sai talabijin. Bayan azahar nakan kunna, in an kawo wuta. Sababbin shirye-shirye ina kallo, amma nawa su ne tsofaffin wasannin kwaikwayon nan na ƙauye, waɗanda hotonsu ya dushe. Nakan tuntsire da dariya, in juya in ce "kin ji fa", sai in ga kujera ba kowa.

A cikinsu na riƙa ganin tsofaffi masu tsage irin na mahaifina, sai na farga ban san sunan wanda ya haife shi ba. Kakan nan namu bamaguje ne, manomi a wani ƙauye bayan Malumfashi. Da tsufa ya musulunta, aka sa masa sabon suna, shi ne kowa ke faɗi. Ni na farkon nake so, wanda uwarsa ta kira shi da shi.

Na buga wa yayana waya.

"Hajiya, me za ki yi da shi? Allah ya rufe abu, ke kina tonowa."

"Yaya, sata ya yi? Dawa ya noma, ya ciyar da ubanka."

Ya kashe wayarsa.

Mutum ɗaya ta rage da ta sani: Inna, matar wan mahaifina, wadda ta zauna gida ɗaya da tsohon. Ta tsufa tukuf, ido ya tafi, kunne ne dai garau. In ta mutu, sunan ya bi ta. Ga shi kuma surukinta ne, mace irin ta da kuwa ba ta kama sunan suruki ko da wuƙa a wuya.

Da kaka na hau mota zuwa Malumfashi, na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da ita a tsakar gida tana korar kaji daga shanyar masara.

"Inna, sunan kakana na zo ki faɗa mini."

"Ke 'yar nan, lafiyarki? Da bakin nawa?"

"To, harafin farko kawai."

"Harafi! Ni na yi bokon tsufa irin naki?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ya mutu, kunyar wa kuma ake ji? Ta ce ai shi ya mutu, ita ba ta mutu ba.

Na yi ta zuwa ina dawowa hannu rabbana. Daga baya ma na daina tambaya. Zuwa kawai nake, don can akwai mai amsa mini magana. Na sa masu turi a kasuwa suka zuba mini tsofaffin wasannin a waya, mu zauna gindin rumbu, ni ina kallo, ita tana saurare tana zagin 'yan wasan.

Akwai wani da na kalla har na haddace. Wani manomi ne akuyarsa ta ɓata, maƙwabcinsa yana ta ƙwala masa kira ta kan danga, da irin sunayen nan na mutanen da. Muna cikinsa aka kira la'asar, na tsayar. Da na sallame, sai Inna ta ce, "Kunna mana mu ji. Wai mai sunan Baba ya ga akuyar tasa kuwa?"

Na juyo na dube ta. Duk duniya mutum ɗaya take ce wa Baba, surukin nan nata.

Ni jika ce, tsakanina da kaka sai wasa, don haka na buɗe baki na faɗi sunan manomin. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta kau da kai.

"Bakinki ne," in ji ta. "Ni ban ce komai ba."

Ba ta ga damina ba, ta rasu.

Na kira yayana na faɗa masa sunan, ya ce to, Allah ya ji ƙansa, yana kan hanya. Na faɗa wa babban ɗana, ya ce, "Mama, wa ke nan?" Na yi masa bayani, ina jin yana magana da wani a gefe.

Har yanzu wasan yana cikin wayata. In an zo wurin kiran nan ta kan danga, nakan mayar da shi baya. A gidan nan dai, daga ni sai maƙwabcin manomin ke kiran sunan.