Ranar da Tarwaɗa Suka Shiga Gidan Baffa

Akwai wata Juma'a da na san ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangijina. Shekaru sun ja tun da abin ya faru, Baffa ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau idan na ji ƙarar ruwa yana zuba a inda bai kamata ba, sai na miƙe na je na duba.

Asalin abin daga birni na ɗauko shi. Na yi aikin gadi a Kano, a gidan wani baƙo ɗan kasuwa, kuma a falonsa akwai wani akwatin gilashi mai tsayin gado, cike da ruwan gishiri. Kifayen teku ne a ciki, masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa, da wasu duwatsu masu rassa da aka ce min rayayyu ne. Gishirin ma a buhu ake kawo shi a dama. Akwai wani mutum da yake zuwa duk mako yana kula da akwatin, ni kuma ina riƙe masa bokiti. Abin da ya fi burge ni shi ne inji yana ta zuba ruwa a ciki dare da rana, amma bai taɓa cika ya zube ba. Da na tambaye shi, sai ya ce hanya biyu ce. Ko dai a huda gilashin kusa da baki a sa bututu, ruwa ya riƙa fita da kansa idan ya kai wurin, ko kuma a rataya lanƙwasasshen bututu a kan baki, ya riƙa zuƙo ruwan yana tsallakar da shi waje. Na gidan na ratayawa ne, domin mai gida ya ce ba za a taɓa masa gilashi ba. Mutumin ya ƙara da cewa shi na hudawa ya fi so, saboda na ratayawa da iska ta shiga cikinsa ya daina aiki, inji kuwa ba zai sani ba, zuba ruwa zai ci gaba da yi. Na ji wannan maganar da kunnena. Sai dai kyan abin shi ne ya zauna min a rai.

Da shekarun tsanani suka zo, lokacin da kwanon gero ya gagari magidanta da yawa, mai gidan ya rufe harkokinsa ya tafi. Na dawo ƙauyenmu a gefen Tsanyawa, na yanke shawarar yin kiwon tarwaɗa. A wurinmu ƙasa ba ta da yawa, gida yana jingine da gida, gona tana jingine da gona. Filin da na samu shi ne bayan ɗakina, daf da katangar Baffa, ƙanin mahaifina, wanda gidansa yake ta gangare. A bayan wannan katanga rumbunsa na ƙasa yake, kuma a cikinsa ne abincin gidansa da irin shukarsa suke.

Ranar da magini yake ɗora bulo na ƙarshe a kwamin da zan zuba kifin, ya tambaye ni ta wane ɓangare zai bar kafar da ruwa zai fita idan ya cika. Na ce kada ya bar kafa ko ɗaya ban da ta ƙasa da ake kwashe ruwa. Ya dube ni, ya ce to idan ya cika fa? Na ce akwai dabarar da ake yi a birni, shi dai ya shafe min bango sumul. Bai yi gardama ba, ya shafe.

Na gaya wa mutane cewa huda bango yana sa siminti ya tsage. Gaskiyar magana ita ce ina son a zo kallo. Na sayi tiyo mai kauri, na rataya shi a kan bangon kwamin, baki ɗaya a cikin ruwa, ɗayan a cikin rabin duro da na girke a waje. Idan ruwan kwami ya ƙaru, tiyon ya zuƙo shi zuwa duron, daga duron kuma ya bi wata 'yar hanya zuwa inda na shuka alayyafo. Ruwan yana zuwa ne daga rijiyar burtsatse da injin sola, don haka rana tana ƙara zafi, ruwa yana ƙara ƙarfi. Abin ya yi aiki, aka kuma zo kallo kamar yadda na so.

Baffa ma ya zo, yana dogara sandarsa. Ya daɗe yana kallon tiyon, sannan ya ce, "Ɗan birni, yanzu ruwan ma ka koya masa hawa katanga? Allah Ya sa kada ya koya wa ɓarayi."

Muka yi dariya. Ya tambaye ni ko abin yana da wata doka da ya kamata a sani. Na ce babu, kansa yake tuƙawa. Ban gaya masa zancen iska ba, ban gaya wa matata ba, domin idan na faɗa, dabarar za ta rage girma a idonsu. Akwatin da ake kashe injin ma kwaɗo na sa masa, makullin yana aljihuna.

Juma'ar da nake magana a kai ta faɗo a tsakiyar bazara, ana jiran ruwan farko. Na fita da wuri saboda ina son in biya kasuwa kafin masallaci. Baffa ya biyo baya, ya ratsa ta bayan gidana kamar yadda ya saba, sai ya taka kashin shanu. Ya ga ruwa yana gudu a duro. Tsohon da gwiwa ta hana shi sunkuyawa ba zai duƙa ba, sai ya sa ƙugiyar sandarsa ya janyo bakin tiyon, ya ɗaga shi sama don ya zuba a ƙafarsa daga tsaye. Ruwa ya ɗan zubo ya tsaya. Ya ɗauka na kashe inji ne, ya mayar da tiyon cikin duro yadda ya same shi, ya wuce masallaci. Iska ta riga ta shiga.

Maza duk sun tafi masallaci, rana tana tsaka, inji yana aiki iyakar ƙarfinsa. Kwamin ya cika ya fara kwarara ta kan bango, ruwan ya bi gangare ya shiga ta rariyar katangar Baffa. Tarwaɗa kuwa idan ta samu jiƙaƙƙiyar ƙasa tafiya take yi da cikinta. Inna, matar Baffa, tana bakin murhu ta ga kifi ya shigo mata madafi, ta ɗauka maciji ne ta yi waje da gudu. Ita ta kira matata ta kan katanga. Suka je suka tarar da kwaɗo a akwatin inji. Sun ɓata lokaci suna bugun kwaɗon da taɓarya kafin matata ta tuna cewa da rana abin yake aiki, ta kwaso tabarmi da zannuwa ta rufe faifan solar. A nan ruwa ya tsaya.

Ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da tsakar gidan Baffa ta zama fadama, mata suna bin kifi da kwando da ƙwarya. Duwatsun da rumbun yake zaune a kansu sun nutse ta ɓangare ɗaya, rumbun ya karkace ya tsage daga gindi, dammunan gero na ƙasa suna kwance cikin ruwan kifi mai ƙarni. Baffa yana tsaye da rigarsa ta Juma'a, ya naɗe wando, yana zaro zangarniya ɗaya bayan ɗaya.

Ban fara da rumbun ba. Kifina na fara tambaya, sannan na hau faɗa ina cewa wane ne ya taɓa min tiyo. Baffa ya ce shi ne, ya faɗi yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Ni kuma a gaban matarsa da tawa da maƙwabta na ce masa abin da mutum bai sani ba ya daina sa hannu a ciki.

Ya ajiye zangarniyar da ke hannunsa. "Ai na tambaye ka, ɗan nan," ya ce. "Ka ce min babu doka."

Ya ci gaba da aikinsa. Babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya dube ni. Na tuɓe riga na shiga ruwan.

Mun shanya abin da ya shanyu a kan tabarmi da rufin ɗakuna. Na ƙasa ya yi funfuna, aka ba dabbobi. Irin da Baffa ya zaɓa da hannunsa tun kaka, wanda ya gada daga mahaifinsu, yana cikin abin da ya lalace, kuma a daminar nan da irin aro ya yi shuka. Gidajenmu biyu suka koma cin tukunya ɗaya har sabon gero ya fito, kuma ba kullum ake ƙoshi ba. Kifin da aka tsinto an soya an ci, Baffa yana cewa bai taɓa ganin nama ya kawo kansa madafi ba sai a zamanin ɗan birni. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa. Ya ce ya yafe tun a ranar, rumbu dai in zo mu gina. Muka gina, a wuri mai tudu.

Kafin in sake zuba kifi na kira maginin nan. Ya fasa bangon da ya shafe sumul, ya sa bututu kusa da baki, na ce ya ƙara wani a samansa ko na farko zai toshe, dukansu suna fuskantar wajen alayyafo, nesa da katangar Baffa. Bangon bai tsage ba. Ya yi muni da facin siminti, ba wanda ya ƙara zuwa kallo. Kwaɗon kuma na cire shi, na nuna wa matata da Inna inda ake kashewa.

Abin da na koya shi ne, idan zan girka wani abu a tsakanin mutane, in zaɓi wanda zai yi aiki ba na nan, wanda tsoho zai taɓa da kyakkyawar niyya bai lalace ba. Idan kuma yana da rauni, in faɗa tun ranar da aka tambaye ni, domin ruwan da ya zube daga wurina a gidan na ƙasa da ni yake tsayawa.