Mun Je Neman Shawara, Mun Dawo da Albasa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Jega Magaji a garin Jega, ni da shugaban ƙungiyarmu da wani abokinmu mai mota. Ga waɗanda ba su sani ba, ƙungiyarmu ta makaɗa ce da 'yan wasan kwaikwayo. Kiɗa mun iya, wasa mun iya, amma tafiyar da ƙungiya ta gagare mu. In an gayyace mu biki ba mu san ciniki ba, gangunanmu suna ruɓewa a ɗaki mai yoyo, matasa kuma suna ta zamewa. A taronmu na ƙarshe aka yanke cewa a nemo ɗan kasuwa ya shiga kwamitin amintattu ya koya mana tsari. In ba a samu ba kafin damina, a raba ganguna kowa ya kama gabansa. Wani Alhaji dillalin albasa a Aliero muka sa wa ido, kuma kansa muke so, ba aljihunsa ba, don mutum ne da ya iya ajiya da sufuri da riƙe ma'aikata.

Maiyama muka fara nufa, mu ɗauko Baba, tsohon makaɗin noma wanda shi ne uban ƙungiyar. Shawarata ce a tafi da shi da gangarsa, don Alhaji ya ga abin da muke son a ceto da idonsa. A bakin tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan zamanin nan sai ka ɗaga shi sama ka tabbatar yana hannunka, ga mai tuyar tana kallonmu kamar mu muka tsauwala kuɗin wake. Baba muka tarar ya riga ya shirya, ya sha rawani, ya ɗaure gangar a tsumma. Mun ce masa za mu gaida wani attajiri ne kan maganar ƙungiya, ba mu ƙara komai ba. Wa zai zaunar da dattijo ya koya masa yadda ake shiga gidan mutane?

Muka sake ratsa Jega muka miƙi hanyar Aliero. Inda kwalta ta fashe mai mota bai rage gudu ba, har shugaba ya ce masa ya yi a hankali, ko da yake garin da ya yi suna da masu ɗorin karaya za mu. Tun kafin mu shiga gari warin albasa ya tarye mu. Ko'ina buhuna ne jajaye, mata na tsince ruɓaɓɓu a gindin itace, 'yan dako na loda manyan motoci.

Alhaji muka samu a ƙofar rumbunsa kan tabarma, mutane kewaye da shi. Ya karɓe mu da fara'a, aka kawo fura mai sanyi. Shugaba yana gyara murya zai fara bayani, sai Baba ya ƙura wa Alhaji ido ya tambaye shi ko shi ne ɗan wane, mutumin Kashin Zama. Alhaji ya ce shi ne. Ashe Baba ya yi wa marigayi mahaifin Alhaji kiɗa a gona wajen gayya tun Alhaji bai iya riƙe fartanya ba.

Kafin mu ankara ganga ta fito daga tsumma. Baba ya dafa ta ya saki kirarin marigayin, muryarsa na rawa amma ba ta karye ba. 'Yan dako suka ajiye buhuna. Alhaji ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ni kaina har na ce a raina aiki ya yi kyau.

Alhaji ya miƙe ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa wa Baba, ya sa aka loda mana albasa a bayan mota. A nan na gane an sallame mu. Kowa a ƙasar nan ya san in makaɗi ya yi kiɗa an yi masa kyauta, sai godiya da sallama. Wanda ya ci gaba da zama, ƙari yake nema. Shugaba ya daure ya ce, “Alhaji, akwai sauran magana.”

Fuskar Alhaji ta ɗan canja. Ya ce, “Ku yi haƙuri da wanga, malam. In an kwashe kaya ku komo, ba ni mance ku.”

Wasu a gefe suka yi murmushi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mun zo mu ce masa ya zauna da mu a matsayin abokin shawara, ga shi mun tashi a matsayin maroƙan da kyauta ba ta ishe su ba. Ko mun koma gobe, da wannan idon zai dube mu.

A hanyar mayar da Baba Maiyama murna ta cika shi. Yana ta shafa rigar yana cewa, “Kun gani, ɗiyana? Kun ce mutum kuka so, ga shi na kamo muku shi. Muryag ga ba ta mutu ba.” Da muka sauke shi ya riƙe hannuna ya tambaye ni yaushe za mu tafi wurin na gaba. Na ce masa za mu sanar da shi.

Mun iso Jega ana kiran la'asar, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tsakanin mai fasaha da mai dukiya a wurinmu hanya ɗaya aka sani, wannan ya yaba, wancan ya bayar. In kana son wata hanya dabam, sai ka faɗe ta tun daga bakin ƙofa, kafin a taɓa ganga, kuma ka fara faɗa wa naka. Mun ji nauyin yi wa dattijo bayani, ga inda nauyin ya kai mu. Taron ƙungiya ya matso, kuma ni aka ɗora wa zuwa Maiyama in gaya wa Baba cewa za a raba ganguna. Har yanzu ban je ba.