Mutumin da Ba Ya Auna Ƙafa da Safe

Da ƙarfe bakwai yake ɗaga ƙyauren rumfarsa, wata 'yar rumfa ta kwano da ke jingine da katangar asibiti ta baya, wajen da masu jinya ke shanya. Zai share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya fito da benci da ɗan kututturen da yake ɗora wa mutane ƙafa. Daga nan sai yankan fata, shafa gam, huda da basilla, har rana ta take. Kawo masa takalmin da ya tsinke, zai ɗinke maka kana tsaye. Amma in ka zo da kumburarriyar ƙafa ka ce a auna ta a yi mata takalmi, ko daga ina ka taso, amsarsa ɗaya ce, ka dawo da la'asar. Har sunan ya bi shi, yara da manya Baba Sai-La'asar suke ce masa, shi kuwa yana amsawa.

Baƙi kan ɗauka jan aji ne irin na masu sana'ar hannu. Ni na san asalin abin, domin a kan ƙafar yayata ya koye shi, kuma ni ne wanda ya taɓa zuwa rumfar nan da niyyar ci masa mutunci.

Yaya malamar firamare ce. Tana da shekara talatin da 'yan kai ƙafarta ta hagu ta fara hawa, a hankali har ta zama tundurmi. Babu takalmin kasuwa da yake shigarta, sai ta koma jan wani silifa da ta tsaga wa baki, rabin tafin yana shan ƙasa. Duk bayan 'yan watanni sai ta kwanta, ƙafar ta yi ja, ta ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ta, kaluluwa ta fito mata a matsematsi. In ta tashi kuma ƙafar ta ƙara girma. A kwanciya ta huɗu likita ya kira ni gefe ya ce in ciwon ya sake cin ciki, babu makawa sai an yanke daga gwiwa.

Yaya da kanta ta je wajen badukun, tana hanyar makaranta da sassafe. Ya shimfiɗa kwali, ya zana tafin da biro, ya zagaya idon sawu da zare. Bayan kwana biyar ya miƙa mata takalmi mai kyau, ta sa ta tafi aji tana ta murna kamar yarinya. Kafin a tashi makaranta maɗaurin ya nutse cikin nama, ya yi mata 'yar gurzuwa da ba ta kai faɗin farce ba. Kwana biyu tsakani muka kwashe ta zuwa asibiti ba ta san wanda ke kanta ba.

Ni kuwa da ma ba na raina abin faɗa. Na ɗauki takalmin na je na wurga masa a kan cinya, na faɗa masa duk wadda ta zo bakina, har masu shanya suka leƙo. Ya juya takalmin, ya shafa cikin maɗaurin da babban yatsa, ya ce awonsa bai taɓa yin ƙarya ba, don haka akwai abin da bai sani ba game da ƙafar nan. Sai ya rufe rumfa ya ce in kai shi wajen wadda ke jinyarta. Na kai shi ne don a ƙara masa, Allah ya gani.

Babbar nas ta ɗakin mata, wata dattijuwa mai tsawa, ta dube shi sama da ƙasa, sai kuma ta ja masa kujera. Ta ce masa bayan jijiyoyin jini akwai wasu siraran hanyoyi a jiki, sun ratsa ko'ina, suna kwashe wani farin ruwa da ke tsattsafowa daga jini ya shiga nama. Ruwan nan yana tafe da duk wata dauɗa da ƙwayar cuta da ta kutso, sai ya kai su kaluluwa, ta wuya ko ta hammata ko ta matsematsi. A can ake tace shi, dakarun jiki su far wa cutar, sannan ruwan ya koma cikin jini da tsabtarsa. Shi ya sa, in ji ta, in ka ji ciwo a yatsa kaluluwa ke fitowa, alama ce ana fafatawa a ciki. Su hanyoyin kuma ba su da zuciyar da ke tura su, motsin tsoka ne ke kora ruwan sama.

A ƙafar Yaya hanyoyin ne suka toshe. Ruwan ya rasa mafita ya kwanta, labarin cuta ba ya isa wajen masu tsaro da wuri, don haka gurzuwar da ni da kai za mu manta da ita kafin magariba, ita tana iya kai ta kabari. Sai badukun ya tambaya ko ruwan yawansa ɗaya ne safe da yamma. Nas ta ce ina, in mutum ya kwana a miƙe yana ɗan janyewa, in ya wuni a tsaye ya sake taruwa.

"Ashe ƙafar safe na yi wa takalmi," in ji shi. "Ta yamma ban taɓa ganinta ba."

Allah ya taimaka, alluran suka ci, ba a kai ga wuƙa ba. Amma likita ya ce wannan ce dama ta ƙarshe. Kullum da la'asar sai ga badukun a bakin gadon Yaya da zarensa, yana neman izini ya auna. Ta ƙi. Ta ce da ta sake sa takalminsa gara ta yi tafiya a ƙasa har ta mutu. Sai da ya yi zuwa shida, a na shidan ya durƙusa ya ce, "Malama, ni na ji miki ciwo, ban musa ba. Ki bari hannun da ya ɓata ya gyara." Ta juya fuska bango, ta miƙo ƙafar.

Takalmin da ya kawo, gaskiya ba shi da kyan gani, ni ma sai da na ce ya yi kama da akwatin rediyo. Ya mai da duk ɗinkin waje, babu kulli ko ɗaya a ciki. Ya shimfiɗa soso ya lulluɓe da fata mai laushi, ya rufe yatsu saboda tuntuɓe, ya sa maɗaurai uku masu faɗi da ake sassautawa yayin da rana ke yi. Ya kuma haɗa mata da karatun da ya ɗauko daga bakin nas: ta wanke ƙafar da sabulu kullum, ta tsane tsakanin yatsu, ta ɗora ta kan matashi in ta zauna, ta riƙa motsa ta. Yaya ta ce yau ga baduku ya zama likita. Ya ce matambayi ai ba ya ɓata.

Daga nan nas ta fara turo masa marasa lafiya. Wani direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ƙafa ya koma kan sitiyari. Wata mai sayar da kayan miya da ta shekara biyu ba ta leƙa kasuwa ba don kunyar a kalle ta, yau tana nan bakin teburinta tana faɗa da masu neman ragi. Ya kai ga Baba yakan ɗora ƙafar da wasu ke toshe wa hanci a kan cinyarsa, ya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana duba tsaga. In ya ga ja ko ya ji zafi, ba ya awo, asibiti yake nuna wa mutum.

Baba, yabon gwani ya zama dole. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya ka mai da shi makaranta. Kai ne na zaga a bainar jama'a, ka bi ni a baya don ka ji inda ka ɓata. Har yau in na tuna bakin da na yi maka kunya nake ji, kuma ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba. Ga shi na bayar a gaban masu karatu.

Yanzu hannunsa ya fara rawa, ido ba ya ganin hudar basilla, 'ya'yansa sun ce ya huta ƙarshen watan nan. Ku masu wannan sana'a, ku je ku zauna a bencinsa kafin ya rufe, ba ya rowar abin da ya sani. Mu kuma sauran, in aikinmu ya cuci wani, mu koyi rufe rumfa mu je mu tambaya.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri. Yaya ta yi ritaya bara, bayan ƙarin shekara goma sha tara a gaban allo, kuma zazzaɓin nan sau biyu kacal ya sake kayar da ita. Da ta ji zan yi wannan rubutu, ta ce kada in cika surutu, in dai gaya maka idan ranarta ta zo, da ƙafa biyu za a yi mata wanka.