Yadda Kunya Ta Kusa Kashe Ni a Tafkin Burabay

Asabar: Karama zuwa Astana

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba tasi ta tsaya mini a ƙofar gida a Karama. Cikin watan Janairu ne, lokacin da mutanen Dubai ke sa rigar sanyi don ganin ido. Ni Sabo, shekarata shida ina aiki a ɗakin sanyi na wani rumbun kaya a Jebel Ali, inda muke ajiye daskararrun kaji. Saboda haka da abokin aikina Yerlan, mutumin Kazakhstan, ya gayyace ni garinsu kamun kifi a kan tafkin da ya daskare, sai na amsa masa kamar malamin da aka gayyata ya duba ɗalibai. Wane sanyi ne ban gani ba?

Na ja Alhaji Mamane, mutumin Damagaram mai tura kwantena zuwa Kwatano, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyar. Na same shi a bakin titi sanye da riguna huɗu da hular ulu, gumi na tsiyaya. Direbanmu ya dube shi ta madubi ya ce, "Habibi, asibiti ko filin jirgi?"

"Ja mota, mon frère," in ji Alhaji. "Wanda ya shirya ba ya jin magana."

Mun yi sallar Asuba a filin jirgi, muka tashi ƙarfe takwas da minti goma. Wajen awa biyar muka yi a sama, Alhaji bai ajiye carbi ba. A Astana, babban birnin Kazakhstan, jami'in shige da fice ya juya fasfona, ya duba biza, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce kamun kifi. Ya dubi fasfon, ya dube ni, ya kira abokinsa shi ma ya zo ya gani. Sannan ya buga hatimi cikin tausayi.

Ƙofar filin jirgin na buɗewa na gane cewa ɗakin sanyin Jebel Ali wurin shan iska ne. Gashin hancina ya ƙame nan take. Yerlan, wanda ya riga mu zuwa da mako guda, ya rungume mu ya ce, "Kun yi sa'a, yau da ɗumi." Digiri ashirin da biyu ƙasa da sifili.

Astana zuwa Burabay

Kilomita ɗari biyu da hamsin ne, hanya miƙaƙƙiya, farar ƙanƙara ta dama, farar ƙanƙara ta hagu. Wanda ya ce tafiya na ƙara ilimi bai bi wannan hanyar ba. Sau ɗaya 'yan sanda suka tsayar da mu, suka duba takardun mota, ɗayansu ya roƙi ɗaukar hoto da Alhaji. Ƙarfe shida saura muka isa gidan mahaifin Yerlan, Baba Serik, dattijo gajere mai faɗin kafaɗa wanda bai yarda da murmushi ba. Aka kawo mana taliya mai faɗi da nama a babban tire. Sai da na yi loma bakwai Yerlan ya ce naman doki ne. Alhaji ya tsame hannu ya koma wa burodi da shayi. Ni kuwa na ga tunda an riga an fara, a ƙarasa.

Lahadi: kan tafki

Ƙarfe tara da rabi muka tsaya a bakin tafkin, sai Baba Serik ya fara wa'azi, Yerlan na fassara. Ya huda ƙanƙarar da wani dogon ƙarfe mai murɗa, ya zura ma'auni. Ya ce in kaurinta bai kai santimita goma ba, ba a takawa. Mai haske kamar gilashi ita ce mai ƙarfi, fara mai kama da madara rabin ƙarfinta gare ta. Kada mu taru wuri guda, kada kowa ya tafi shi kaɗai. Ya rataya wa kowannenmu ƙusoshi biyu masu ƙota a wuya, haɗe da igiya, ya nuna yadda ake caka su a ja jiki in an faɗa. Ya faɗi wani abu kuma yana nuna gefen yamma, amma lokacin ina fama da waya, ina neman hoton da zai ƙona ran mutanen wurin aiki.

Alhaji kuwa har da tambayoyi, kamar za a yi jarrabawa. Ya karɓi igiya mai tsawo ya naɗa a kafaɗa, yana tafiya yana dukan ƙanƙara da sanda kafin kowane taku.

Na ce, "Alhaji, haka za mu isa sai azumi."

Ya ce, "Doucement, sannu a hankali, Malam Sabo. 'Ya'yana tara."

Muka zauna a kan bokitai, kowa da raminsa mai faɗin faranti, kowa da fatsarsa. Wannan shi ne abin da muka ƙetare ƙasashe dominsa: manyan mutane huɗu sun zuba wa rami ido. Awa biyu. Baba Serik ya kama shida, Yerlan uku, Alhaji ya kama wani mai tsawon yatsa ya yi kabbara. Ni na kama shayi kofi huɗu.

Shayin nan ne ya jawo. Wajen sha biyu saura kwata fitsari ya matsa mini. Fili ne fetal, ba bishiya, ba bango, ga dattijo a zaune. Ɗan Kano mai kunya ba ya yin wannan a gaban babba. Can yamma na hango doguwar ciyawa irin kacalla ta leƙo ta cikin ƙanƙara, kamar taku ɗari. Na miƙe ban ce wa kowa komai ba, don ba a neman izinin irin wannan.

Saura kaɗan na isa na lura ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙafata ta yi duhu-duhu, kamar jiƙaƙƙen siminti. Na ji ƙara, ƙas, sannan babu ƙasa.

Ban san ruwa na dukan mutum ba sai ranar. Numfashina ya ƙwace, ƙirjina yana ja da kansa, na kasa ko salati. Ƙafata ba ta taɓa komai ba, kuma akwai abin da ke jan ta gefe. Na kama bakin ƙanƙarar, ya ɓalle a hannuna. Na sake kamawa, ya sake ɓallewa. Riguna suka sha ruwa suka yi nauyin buhun shinkafa.

Sai na ji muryar Alhaji, da Hausa, tsakiyar ƙasar mutane: "Sabo! Juyo inda ka fito! Ƙusoshin wuyanka! Kwanta, buga ƙafa kamar mai iyo!"

Na juyo. Na gan shi kwance rub da ciki, da rigunansa huɗu, yana jan jiki zuwa wurina, Yerlan na riƙe da ƙafarsa, Baba Serik na riƙe da ta Yerlan. Bai matso sosai ba, ya tsaya nesa ya wurgo igiya. Ta farko ta wuce ni. Ta biyu ta faɗo a kafaɗata. Na zura hannu cikin madaukin da ke bakin igiyar, na caka ƙusa, na buga ƙafa, suka ja. Da ƙirjina ya hau sai na yunƙura zan miƙe.

"Kar ka tashi! Mirgina, don Allah, mirgina!"

Haka na yi ta mirginawa kamar tabarma har inda ƙanƙarar ke da ƙarfi. A mota suka tuɓe ni tas, suka naɗe ni da bargo da rigunan Alhaji biyu, a gaban dattijon nan da na ji kunyar juya wa baya. Aka hana ni kusantar wuta, aka hana a murza mini hannu, sai shayi mai zaƙi kaɗan-kaɗan. Ina karkarwa Baba Serik ya yi doguwar magana. Yerlan ya ce, "Ya ce wurin nan rafi ke shigowa ta ƙasa, kuma duk inda ciyawa take ƙanƙara ba ta kauri. Ya ce shi ne abu na ƙarshe da ya faɗa da safe."

"Duk maganar nan abin da ya ce ke nan?"

"Sauran ba na fassarawa ba ne, habibi."

Litinin: komawa

Likitan garin ya duba ni ya ce yatsuna za su zauna. Ƙarfe bakwai na safe muka kama hanyar Astana, jirgi ya tashi uku da rabi. Da aka kawo abinci na ga Alhaji ya kasa buɗe robar, sai a lokacin na lura igiya ta yanke masa tafukan hannu biyu. Ni na buɗe masa. Duk tafiyar bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan sallar Isha tasi ta ajiye ni a Karama. A hanya na roƙi Alhaji maganar ta tsaya tsakaninmu, ya ce, "Khalas, an rufe." Ina shiga na tarar da matata Hadiza a tsaye, idonta ja, hannu a ƙugu. Ashe tun jiya Alhaji ya gaya wa Hajiyarsa, don a taya shi godiya ga Allah, ita kuwa ta kira Hadiza.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni. Na gode wa Baba Serik da Yerlan, na gode wa Alhaji Mamane da hannayensa. Hadiza ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "To, Malam. A ƙarshe dai ka yi fitsarin?"