Kafin A Gama Gaisawa

Ba a jima da komawar sojoji bariki ba, ni da abokina muka rubuta wa wani ɗakin gwajin jini a Gyaɗi-Gyaɗi manhajar kwamfuta. Aikinta ta nemo sakamakon mara lafiya ta buga. Sauri kam ba a magana, sai dai idan mutum biyu suka yi suna ɗaya, wanda ta fara tararwa shi take miƙowa. A Kano kuwa ka kira suna ɗaya, rabin layi ne zai waiwayo.

Na gyara ta, ta riƙa duba shekaru da unguwa kafin ta buga. Sai ta yi nauyi, tsohuwar kwamfutar wurin ta riƙa nishi kamar jakin da aka cika wa kaya.

Abokina ya ce, "Malam, Litinin za mu miƙa. Hajiya mai wurin ba za ta yarda layi ya kai titi ba. A saki tsohuwar manhajar, ma gyara daga baya."

Raina ya ɓaci. Na ce masa maganin da aka riga aka haɗiye ba ya jiran gyara. Amma na san idan Hajiya ta ƙi sabuwar, tsohuwar za ta zauna.

Na je na zauna a bencin masu jira ina cizon yatsa. Nan na lura da ma'aikaciyar da ke kan kwamfutar. Takan rubuta suna, sannan ta ɗago: ya jiki, ya gida, ya yara, Allah ya ƙara sauƙi. Sai an gama take danna maɓallin nema. Duk tsawon gaisuwar nan kwamfuta zaman banza take yi.

Na hau acaɓa zuwa shagonmu a Tarauni, na sa binciken ya fara da zarar an rubuta suna.

Ranar Litinin Hajiya ta tsaya a bayanmu fuska a ɗaure. Layi ya yi ta tafiya ba tsaiko. Dab da azahar wata dattijuwa ta zo, kwamfuta ta nuna mutum biyu masu sunanta.

Ma'aikaciyar ta ce, "Inna, Daurawa kike ko Ƙauyen Alu?"

"Ƙauyen Alu, 'yar nan."

Ta Daurawa ce mai ciwon suga, kuma ita ce a sama, wadda da tsohuwar manhajar ce sakamakonta za ta buga. Na kalli abokina, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daɗi ya cika ni har na kasa zama. Inna ta ƙulle takardarta a bakin mayafi, ta yi mana sallama ta tafi gida da lafiyarta.