Ɗan barewa da cukun Kaka

Shekarar da fari ya cinye dabbobin Gure, Baba ya dawo daga hanyar Alakos da ɗan barewa a kafaɗa. Kusa da gawar uwarsa ya tsince shi. Ni ya miƙa wa, ni kuwa na liƙe masa, ina tsoma tsumma a nonon akuya yana tsotsa.

Kakata cuku take yi, da shi muke samun hatsi. Madara ba ta kamawa sai ta jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya ta ɗiga ruwansa a ciki, kuma sai tumbin wanda bai taɓa cin komai ba sai nono. Nata guntun ya ƙare, awaki kuma sun ƙi haihuwa.

Wata safiya ta tsaya a kanmu, ta taɓa cikin ɗan barewar.

"Wannan bai fara tuƙa ba ko? Tumbinsa ya fi na akuya kama madara. Bari dai Juma'a ta zo."

Na gane yanka shi take nufi. Kaka da jika ba a rasa su da tsokana, amma ranar ban ga dariya a fuskarta ba. Kwana biyu ina kuka a bayan rumbu, ina jin haushinta kamar in mutu.

Sai dabara ta zo mini, irin ta 'yar shekara tara. Idan ya ci wani abu, tumbinsa ya tashi daga aiki, wuƙa ta bar shi. Ciyawa babu ko ta rantsuwa. Na saci hatsi cikin tafi uku, na jiƙa, na riƙa tura masa a baki yana kauda kai ina dannawa.

Kafin azahar cikinsa ya kumbura, ya kwanta yana nishi. Na ruga na faɗa wa Kaka. Ta jiƙa kanwa ta ɗura masa.

"Ke 'yar nan, cikin da bai san ganye ba kika ɗura wa hatsi?"

Da la'asar Baba ya sa masa wuƙa don kada ya zama mushe.

Kaka ta kwance bakin zanenta, ta fito da busasshen tumbin ɗan akuya, ta ajiye a gabana.

"Jiya aka kawo mini daga Kelle. Tun ranar da na ji kukanki na aika."