Makon da Wayar Badaru Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa shiga motar Badaru daga Sara zuwa Birnin Kudu ya san abin da ke biyo bayan gaisuwa. Kafin ya tambaye ka inda za ka sauka, sai ya waiwayo ya ce, "Wane layi gare ka? Don Allah ɗan kira ni mu gani." Ka kira, wayar ta yi ƙara a aljihun gaban rigarsa, ya yi shiru yana saurare sai ka ce yau ya fara jin ta, sannan ya yi hamdala ya tada mota. 'Yan tasha sun daɗe suna yi masa tsiya a kan haka, wasu har cewa suke yi tsufa ne ya zo masa ta kunne. Waɗanda suka san dalili ba sa cikin masu dariyar.

Badaru ɗan manomi ne, amma tun yana ƙarami shi da fartanya ba sa ga maciji. Da ya tasa ya gudu ya zama karen mota a wata babbar mota mai kai hatsi Kano, ya yi shekaru a can, ya dawo gida da furfura a gemu da wata tsohuwar mota ƙarama wadda ƙofarta ta baya sai an ɗaure da igiya. Kada wani ya ce maka waliyyi ne. Badaru yana loda mutum huɗu a baya, biyu a gaba, akuya a but, kuma idan ka yi ƙorafi ya ce ka sauka ka hau jirgi. Yana da saurin fushi, yana da baki. Abu ɗaya ne ba a taɓa jin ya yi gardama a kansa ba: idan aka ce haihuwa ta zo wa mace da gardama, ko yana tsakiyar cin tuwo zai wanke hannu.

Abin ya faro ne wata damina da ya ɗauki matar maƙwabcinsa ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, ta sauka lafiya. Labari ya bazu. Kafin a ce me, lambar wayarsa ta hau bangon zaure da ƙofar shago da jikin kemis a ƙauyukan Gwaram har zuwa Sundimina, wani wuri da gawayi, wani wuri da fenti. Tsofaffin ungozomomi da ba su san ko baƙi ɗaya ba sun haddace ta, suna rera ta kamar waƙar daka. Ya zamana lambar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta jama'a ce, shi dai riƙon amana yake yi.

To, sai sabis ɗin kamfanin da yake amfani da shi ya fara lalacewa a unguwarsu. A cikin ɗaki babu, a tsakar gida sai an yi sa'a. Badaru ya rataye gwangwani a reshen darbejiyar ƙofar gida yana saka wayar a ciki, ya sa matarsa Jummai ta riƙa kasa kunne, ita kuwa ta ce ba a aure ta don gadin gwangwani ba. A daidai lokacin wani kamfani ya kafa ƙarfen sabis a bayan kasuwa, sabis ɗinsa har ƙuryar ɗaki. Kowa ya ce masa ya sayi sabon layi ya huta.

"In sayi sabo," in ji shi, "wa zai bi bango yana gogewa? Wa zai goge ta kan tsofaffin nan?"

Wani malamin makaranta da ya ɗauko ne ya gaya masa ai yanzu mutum yana iya ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan, ba abin da zai canza. Badaru ya ji maganar ta yi masa daɗi. Ya je shagon sabon kamfanin a Birnin Kudu, wata yarinya mai fara'a da ake kira Khairiyya ta ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, ta tura wani saƙo daga wayarsa, ta ba shi sabon sim ta ce ya jira tsohon ya mutu. Washegari tsohon ya mutu, sabon ya tashi, sabis cike taf.

Kuma ya gwada, wannan kam a yi masa adalci. Ya kira surukinsa a Kano, ta shiga. Ya sa Jummai ta kira shi, ta yi ƙara. A tasha ya sa Sabo ɗan kamasho ya kira, ta yi ƙara. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne Jummai da Sabo duk layin sabon kamfanin gare su. Ƙauyukan da ke can ciki kuwa, ta wajen Zandam, sabis ɗin tsohon kamfanin ne kawai yake kai musu, kowa shi yake riƙe da shi. Duk wanda ya kira shi daga wancan layin, sai wata murya ta gaya masa babu wannan lambar. Ba wanda ya faɗa wa Badaru irin haka na iya faruwa. Wataƙila ita ma yarinyar ba ta sani ba.

Lokacin kaka ne, ana yankan gero. Wayar tana yin ƙara jefi-jefi, masu neman a kai musu kaya, masu tambayar ko mota ta cika, don haka bai ga alamar komai ba. Kiran haihuwa ne kawai ya ɗauke ɗif. Badaru ya sami barcin da ya daɗe bai samu ba, ya ci abinci a zaune, har gona ya leƙa, abin da ya ba Jummai mamaki. A tasha ya ce wa Sabo, "Matan ƙasar nan sun tafi yajin aiki, Allah ya sa su daɗe." Aka yi ta dariya. A duk maganganun da ya yi a rayuwarsa, kuma ya yi da yawa, babu wadda yake son ya janye kamar wannan.

Ranar kasuwar Sara ya hango Hambali a layin masu awo. Hambali manomi ne daga wata ƙaramar unguwa a bayan Zandam. Badaru ne ya kai matarsa Batulu asibiti a haihuwarta ta baya, ta zubar da jini sosai, likita ya ce nan gaba kada a jira komai a gida. A hanyar dawowa Badaru da bakinsa ya ce musu, "Da ta fara, ku kira ni kawai."

Ya ƙarasa da fara'arsa. "Malam Hambali, an shigo? Ina Batulu, ai ya kamata ta kusa."

Hambali ya ajiye kwanon da ke hannunsa. "Batulu ta riga mu gidan gaskiya, Malam Badaru. Ranar Laraba. Ita da abin da ke cikinta."

Badaru ya yi salati, ya sake yi. Sannan ya ce, "Me ya sa ba ku kira ni ba?"

"Mun kira. Tun da hantsi nake kira. Na hau tudu, na ari wayar liman, na ari ta mai shago, duk matar nan ta cikin waya cewa take babu lambar. Da muka ga rana tana yi sai muka ɗora ta a amalanken shanu. Ba mu kai titi ba." Ya ɗago ya dubi Badaru. "Na ɗauka ka canza lamba ne, ka gaji da mu. Ba laifi ba ne, mutum yakan gaji. Kwana ne ya ƙare."

Da zaginsa ya yi, da Badaru ya sami abin riƙewa. Amma mutumin nan ya faɗi maganarsa a hankali, har yana ba shi haƙuri. Badaru ya tuna inda yake ranar Laraba da hantsi. Yana zaune a inuwar tasha yana shan rake, mota ba kowa a ciki, tanki cike da mai, waya a aljihu da sabis har wuya.

Ya karɓi wayar Hambali, ya danna lambarsa da kansa, ya kara a kunne. Muryar ta zo, a natse, ta gaya masa babu wannan lambar. Ga shi tsaye a tsakiyar kasuwa, ga wayar a ƙirjinsa, ana gaya masa babu shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan titi.

Abin da ya biyo baya wahala ce wadda duk mai waya a ƙasar nan ya san ɗanɗanonta. Sabon kamfani ya ce tsohon ne bai gama sakin lambar ba. Tsohon ya ce ai kai yanzu ba namu ba ne. Ya ce to a maida shi inda ya fito, aka ce sai an yi watanni. Khairiyya ta rubuta koke ta tura, ta sake turawa, da ta ji labarin Batulu har hawaye ta yi, amma hawaye ba ya haɗa layi. Ya je ofishinsu na Dutse, aka ce ya koma gida za a kira shi. Badaru mai baki ya tsaya a gaban kanta ya rasa wanda zai yi wa faɗa, don duk wanda ya gani yaro ne mai ladabi da ke cewa ba daga nan ba ne.

Bai zauna jira ba. Ya sayi wani layin na tsohon kamfanin, ya ajiye lodi, ya bi ƙauyuka da gawayi yana rubuta sabuwar lamba a ƙarƙashin tsohuwar. Duk inda ya tsaya sai ya tambaya ko an neme shi a kwanakin nan. A ce masa a'a, lafiya lau. Bai taɓa yarda ba. Ya san mutanensa, ya san kunya za ta sa su rufe masa, kuma har yau idan ya wuce maƙabartar wani ƙauye yakan rage gudu ba tare da ya sani ba. Tun daga lokacin yake jin ƙarar waya a inda babu ita, a cikin kukan inji, a cikin ruwan sama, har a sujada. Jummai ta daina yi masa magana a kai, ta dai koma ajiye masa wayar kusa da buta idan zai yi alwala.

Wata safiya lambar ta gyaru da kanta. Ba wanda ya kira shi daga kamfani, ba wanda ya ba shi haƙuri. Liman na Zandam ne ya kira don a kai masa buhu, ta shiga. Badaru bai je ɗaukar buhun ba, ya zarce gidan Hambali.

Suka zauna a zaure a kan tabarma. Hajjo, mahaifiyar Batulu, wadda ta zo riƙon jikokinta, ta miƙo ruwa ta koma ciki. Badaru ya yi ta'aziyya kamar bai taɓa yi ba, aka shafa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga alama lambar ta gyaru. Ina so in ji daga nan gidan, da wayarka."

Hambali ya ciro wayar ya danna, ba sai da ya duba bango ba. Ya kara a kunne. Aljihun Badaru ya ɗauki ƙara, zauren ya amsa, a cikin gida aka ji sautin daka ya tsaya. Badaru ya kai hannu zai kashe, Hambali ya riƙe masa hannun.

"Bar ta tukuna, Malam," in ji shi, wayar tana manne a kunnensa. "Ranar nan wannan ƙarar kaɗai na yi ta roƙon Allah in ji."